Jan Katin Da Ya Ɓoye A Aljihu

Jama'a, kafin wata ta ce na cika zargi, ku tsaya ku ji yadda abin ya faro, in ya so sai ku yanke mini hukunci. Sati uku na yi ina jin ƙaurin hayaƙi a ofishinmu, kowa na rantse mini babu wuta.

Mu shida ne a rukuninmu. Wata manhaja muke haɗawa ta waya, wadda masu shagon magani ke duba maganin da ya kusa lalacewa da ita. Ni ce ƙarama a cikinsu, shi ya sa sunan da ake kirana da shi a gida, Auta, ya biyo ni har wurin aiki. Tsarin aikinmu kuwa, duk wanda na ba labari sai ya ce shara ta nake yi. Babu mai ba wani aiki. Akwai wani farin allo da ya cinye bango guda, an raba shi gida uku: abin da ba a fara ba, abin da ake kai, da abin da aka gama. Kowane aiki a rubuce yake a ɗan kati mai gam a baya. Duk bayan sati biyu mu jera sababbin katuna ranar Litinin, kowa ya miƙa hannu ya ɗauki wanda ya ga zai iya. Kullum da safe kuma mu tsaya cirko-cirko a gaban allon na minti goma sha biyar, kowa ya faɗi inda ya kwana.

Za ku ce to manajanmu me yake yi? Haka Mama ta tambaye ni ranar farko, tana riƙe da haɓa. Shi dai amsarsa kullum ɗaya ce: "Ku ne masu tafiya, ni nawa in share muku hanya." Daga nan muka laƙaba masa Mai Tsintsiya, kuma yana amsawa abinsa. A ƙasan allon akwai wani ɗan lungu da aka zagaye da jan layi. Duk wanda wani abu ya tare wa hanya, sai ya rubuta a jan kati ba tare da suna ba, ya manna a wurin. Ƙa'ida ce, kwana biyu gare shi ya kawar da matsalar. In intanet ne ke rarrafe, shi ke zarya. In manya na bene sun so su ƙara mana kaya a tsakiyar tafiya, shi ke tare su a ƙofa. Ranar da muke zaman tankaɗe da rairaya kuwa, inda muke faɗin abin da ya yi kyau da abin da ya ɓaci a sati biyun, sai ya ɗauki kofin shayinsa ya fita, ya ja mana ƙofa, don mu samu bakin yin gulmarsa in ta kama.

To wannan mutumin ne ya rage mini hanya wata ranar da aka tafka ruwa na rasa abin hawa. Ya gaisa da Baba a ƙofar gida, suka yi hirar rediyo. Sati ya zagayo, sai ga shi ya dawo ba ruwa ba iska, da farar riga mai gajeren hannu da ƙamshin turaren nan nasa mai sanyi. Ba zan yi muku ƙarya ba, ban kore shi ba. Mutum ne da in kana magana yake ajiye wayarsa a kife.

Mama kuwa kamar an yi mata gafara. Ku tuna shekarata ashirin da bakwai, kuma manema biyu na sallama a baya, ɗaya saboda ya ce mace da kwamfuta sai ka ce wani abin tsoro. Tun daga lokacin take kallona kamar kayan da suka daɗe a kanta. Ranar da Mai Tsintsiya ya zo karo na uku, ta canza labulen falo, ta fito da kofunan gilas ɗin da ko Baba ba a ba shi ruwa a ciki. Bayan ya tafi ta same ni a ɗaki ina cire ɗankunne.

"Auta, Allah ya kashe ya ba ki. Manaja guda! Sai ki ajiye wannan danne-dannen ki huta."

"Mama, wa ya ce miki na gaji?"

"Sai an faɗa mini? Dubi idonki. Ai na faɗa masa ma, ya riƙa rage miki nauyi kafin lokacin."

Na juyo da ɗankunne ɗaya a kunne. "Kika faɗa masa me?"

"Abin da kika ji. Kuma yaron kirki ne, murmushi ya yi."

Wannan murmushin shi ya hana ni sukuni. Murmushin me? Na girmama babba ne, ko na "an gama, Mama"?

Akwai wani kati da na yi wata guda ina haɗiye masa yawu. Aikin sa manhajar ta ci gaba da tafiya ko da babu intanet, in ya dawo ta daidaita kanta. Aiki ne mai wuyar sha'ani, irin wanda in ka yi shi babu mai sake ce maka yaro. Na yi karatunsa a ɗaki, na cika rabin littafi da zane-zane, kowa kuma ya san ina so. Litinin ɗin da aka jera shi, na sa doguwar rigata ruwan toka da mayafi mai ratsin shuɗi, har na shafa jan baki kaɗan don ƙarfin hali. Ina miƙa hannu, sai hannun Dogo ya wuce ta saman kaina. Dogo shi ne babba a cikinmu, shekararsa tara yana wannan sana'ar.

"Na riga ki, Auta."

Na yi dariyar yaƙe, na nufi na biyu a wuya. Mai Zane, wanda ke tsara mana fuskar manhaja, wanda bai taɓa kusantar irin wannan aikin ba, ya yi wuf ya cire shi. Na uku kuma Anti Gwaji ta ce ita da Tagwaye za su haɗu a kai. Anti Gwaji ita ce mai gwada duk abin da muka rubuta, Tagwaye kuwa wasu samari biyu ne da ba a ganin ɗaya sai da ɗayan. Kafin in ankara, abin da ya rage a allon kati uku ne: canza launin maɓalli, gyara kuskuren rubutu a shafin shiga, da ƙara girman harafi. Aikin da zan yi ina tauna cingam.

Na waiwaya. Mai Tsintsiya na jingine da bango a baya, inda ya saba tsayawa, hannu a aljihu, idonsa a kan takalminsa.

Na ce a raina, shi ke nan, Mama ta gama da ni.

Sati biyun nan haka na yi su ina canza shuɗi zuwa shuɗi mai ɗan duhu. Ga wani abin kuma. Da, in muka tashi cin abincin rana, a teburin Anti Gwaji muke haɗuwa, cokula shida a kwano biyu. Yanzu ina tunkarowa sai hira ta mutu, wani ya fara duba waya, wani ya tuna yana da kira. Zaman tankaɗe ya zo, Mai Tsintsiya ya ɗauki kofinsa ya fita. Zaman da muke raba awa guda muna musu har murya ta dishe, ranar minti goma aka yi. Dogo ya ce komai lafiya. Mai Zane ya ce komai lafiya. Tagwaye suka haɗa baki suka ce komai lafiya. Ni da na san gwaji ya faɗi har sau huɗu a satin, na bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya yarda muka haɗa ido.

Da yamma ina cikin motar haya sai ga saƙonsa.

"Kin isa gida?"

"Tukuna."

"Yau na ga kin yi shiru. Akwai damuwa?"

Na rubuta, "Kai ka fi ni sani," na goge. Na rubuta, "Me kuka ƙulla da Mama?" na goge. Daga ƙarshe na tura masa, "Gajiya ce."

Ya amsa, "Ki huta to."

Ki huta! Kalmar Mama sak. Na kife wayar a cinya, raina na tafasa. Na kira Yaya, babbar yayata da ke aure a wata unguwa, na zayyane mata komai. Ta gama saurara tana fama da yaranta, sannan ta ce, "Ke dai Auta ba a iya miki. An ɗora miki kaya ki yi kuka, an sauke miki ki yi kuka. Mu da muke neman mai rage mana wanke-wanke fa?"

"Yaya, ba wanke-wanke ba ne, aikina ne."

"To ki tambaye shi mana. Baki gare ki."

Ban tambaye shi ba. Na fi son in kama shi dumu-dumu, yadda ba zai iya yi mini wannan sanyin muryar tasa ba.

Litinin ta sake zagayowa, aka sake yi mini irin ta farko. Ga shi Dogo bai gama katin intanet ɗin ba, ya maƙale, amma ya gwammace ya sake riƙe shi da ya ce in taya shi. Ranar Talata na yi sammako, bakwai da rabi ina ofis, ko masu goge-goge ba su gama ba. Daga bakin ƙofa na hango Mai Tsintsiya shi kaɗai a gaban allo, ya sunkuya a lungun jan layi. Ya ɓare wani jan kati, ya daɗe yana karantawa, sannan ya ninke shi biyu ya zura a aljihun rigarsa. Shekara biyu ina ƙarƙashinsa, ban taɓa ganin ya cire kati daga allon nan ba sai in zai mayar da shi gidan abin da aka gama, a gaban kowa. Na koma da baya a hankali, na tsaya a matattakala har na ji ya shiga ofishinsa.

Da rana kuma Allah ya tona wani asirin. Anti Gwaji ta miƙo mini wayarta in duba wani shafi da ya karkace, sai saƙo ya faɗo daga sama. Guruf ne, sunansa "Mu biyar." Dogo ne ya rubuta: "Kowa ya yi shiru tukuna, mu ga abin da zai yi da katin."

Na miƙa mata wayar. Ta ga na gani. Fuskarta ta yi wani iri.

"Anti," na ce, "ni ce ta shidan da babu, ko shi?"

"Auta, ba yadda kike tunani ba ne."

"Kowa haka yake ce mini."

Laraba da azahar na kasa daurewa. Ofishinsa ɗan ɗaki ne na gilas, tebur ɗaya, kujera biyu, da wata shuka da ya manta da ba ta ruwa. Na shiga ban ƙwanƙwasa ba, na rufe ƙofar. Ta cikin gilas ina ganin kawuna biyar sun sunkuya a kan kwamfuta, kunnuwa kuwa duk suna nan wurinmu.

"Ranka ya daɗe, tambaya gare ni."

Ya ɗago. A ofis haka nake kiransa, amma ya ji yadda na faɗe ta. Ya kife wayarsa. "Zauna, Auta."

"A tsaye ma ya isa. Kai ka ce su riƙa kwashe manyan katuna su bar mini tarkace?"

"Ban taɓa ce wa kowa ya ɗauki kati ko ya bari ba."

"Mama ta ce ka rage mini nauyi, ka yi murmushi."

"Uwa ce. Me kike so in yi, in karanta mata ƙa'idar ofis a falonta?"

"To amma ka ga abin da suke yi mini?"

"Na gani," ya ce.

"Sati uku kana gani!"

"Na ɗauka za su warware da kansu. In na buɗe baki na ce a ba ki katin nan, kin san abin da za a ce, kuma daga ranar allon nan ya tashi daga aiki. Na yi ta jira wani ya faɗi abin da ke ransa. Jiran ya yi tsawo, wannan laifina ne."

"Sai kuma aka faɗa, ka sa a aljihu."

Ya dube ni sosai. Bai tambaye ni yadda na sani ba. Ya zaro katin ya ajiye a tebur, ya warware ninkin da yatsa ɗaya. Da manyan haruffa aka rubuta, yadda ba za a gane hannun kowa ba:

"BA MU IYA MAGANA A ZAMAN TANKAƊE, DON ABIN DA AKA FAƊA YANA ZUWA KUNNENKA TA GIDAN SU AUTA."

Na karanta sau biyu. Na ja kujera na zauna.

"Ni?" na ce. "Ni ce mai kai rahoto?"

"Kin tuna zaman da Dogo ya yi ƙorafi cewa na yi nawa wajen kawo wayoyin gwaji? Shi da bakinsa ya ba ni labari daga baya."

Na tuna. Dogo ya yi ta faɗa ranar, har ya ce tsintsiyar ta tsufa.

"Washegari wayoyin suka iso," ya ce. "Sati uku ina bin su a bene, ranar aka sa hannu. Amma a daren zaman an ga motata a layinku. Suka haɗa biyu da biyu."

"Ai sai ka faɗa musu gaskiya!"

"Na faɗa wa Dogo. Ya ce ya yarda. Kin ga alamar ya yarda?"

Ban gani ba. Nan take kunya da haushi suka kama ni. Sati uku ina zargin bawan Allah da haɗa baki da Mama, ashe ni ake zargi, kuma mutanen da muke cin abinci a kwano ɗaya. Amma zargi in ya saba da gida ba ya tashi da wuri. Na kalli katin, na kalle shi, sai wani sabon tsoro ya taso mini.

"Jiya ka cire shi. Yau kwana biyu ke nan."

"Haka ne."

"To yaya za ka share wannan? Ka hau bene ka ce a mayar da ni wani sashe, ko? Mama ta samu abin da take so, su Dogo su samu bakin magana, kai kuma ka mayar da katinka gidan an gama."

"Auta."

"Faɗa mini kawai. Shekara huɗu na yi ina neman wurin da za a bar ni in zaɓi aikina da hannuna. In ka taɓa mini kujerar nan, wallahi ba zan yafe maka ba."

Ya daɗe yana kallona, kallon da a lokacin na ɗauka na rashin gaskiya ne. Sannan ya ninke katin ya mayar aljihu.

"Ba zan taɓa kujerarki ba," ya ce. "Na yi miki alkawari."

Na fito ina jin kamar na ci yaƙi. Har na ɗaga kai na kalli Dogo ido cikin ido, shi ya fara kawar da kai. Wajen ƙarfe uku na ga Mai Tsintsiya ya ɗauki makullin mota ya fita. Na ce bene zai zagaya ko wajen masu intanet, ban kawo komai ba.

Biyar da rabi na sauka a bakin layinmu, da ledar burodin Baba a hannu. Ina shan kwana sai ga motarsa tana fitowa. Na ɗaga masa hannu. Ko bai gan ni ba, ko ya yi kamar bai gani ba, ya wuce.

A falo na tarar da kofin gilas a kan tebur, ruwan a cike ba a taɓa ba. Rediyon Baba a kashe, abin da ba ya faruwa sai an yi rasuwa. Mama na zaune a hannun kujera, ɗankwalinta ya zame baya ba ta gyara ba.

"Zo nan, Auta," in ji Baba. "Zauna."

Na durƙusa a gefen kafet, ledar na hannuna.

"Mutumin nan ya zo. Ya yi magana ta mutunci, ban ga laifinsa ba. Ya ce ya janye."

"Ya janye me, Baba?"

"Maganarki. Ya ce zuwansa gidan nan na neman raba ki da abin da kika fi so, shi kuma ba zai zama sanadi ba. Ya ce ba ki yi masa komai ba, in gaya miki haka."

Mama ta miƙe. Na zaci faɗa za ta yi, da ma ta yi. Sai ta ɗauki kofin gilas ɗin, ta tsaya a kaina.

"To, Auta," ta ce a hankali, "kin samu abin da kike so?"

Na ajiye ledar na tashi. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado da mayafina da takalmina. 'Yan uwa, ni da na yi sati uku ina tara masa hujja, sai a lokacin na san ina son mutumin nan, so na gaske. Wayata ta yi ƙara, saƙon Mai Tsintsiya ne.

"Na faɗa wa su Dogo na janye. Gobe katin intanet zai dawo allo, Dogo da kansa ya ce ya fi ƙarfinsa. Ki ɗauka in kina so."

Na rubuta masa: "Ni na ce kar ka taɓa kujerata. Ban ce ka tafi ba. Wa ya tambaye ni?"

Ya karanta nan take. Na ga yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa, ya daɗe, ina riƙe da wayar da hannu biyu ina cewa Allah sa, Allah sa. Sai rubutun ya tsaya, hotonsa ya ɓace daga saman shafin, alamar ya toshe ni.

Na kira lambar. Ba ta shiga ba.